Man da Bai Ƙone Ba

Ranar farko da na tsoma ma'aunin zafi a babbar tukunyar Kawu, allurarsa ta haura digiri ɗari biyu da ashirin, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Na zaro shi na goge na sake tsomawa, don na ɗauka shi ne ya samu matsala. Lafiyarsa ƙalau. Tukunyar ce ke cin wuta kamar kwalta ake narkawa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Yana da 'yar masana'anta ta man shafawa, irin wanda ake murzawa a gwiwa da ƙugu in sun yi tsami. Abu uku ake haɗawa: mai, kakin zuma, da ƙaron itacen hano da mota ke kawo masa buhu-buhu sau ɗaya a shekara. Ni kuwa kemistiri na karanta a jami'a, kuma binciken da na fita da shi a kan ƙaron itatuwa na yi shi: me ke cikinsa, kuma wane zafi kowane sinadari yake jurewa kafin ya gudu ko ya lalace. Don haka da Mama ta roƙi Kawu ya ɗauke ni aiki, ban ɗauki abin a matsayin alfarma ba. A ganina shi ya yi sa'a.

Shi kuma a ganinsa ya rufa wa ƙanwarsa asiri ne. Ya ba ni tebur a ofishin bene, da waya, da kujera mai juyawa, ya ce in riƙa amsa kiran masu shaguna. Na amsa na ɗan lokaci. Amma ɗakin tukwane yana ƙarƙashin ƙafata, kuma kullum da safe ƙanshi yana biyo matakala ya same ni. Kowa a wurin yana jin daɗin ƙanshin nan. Ni kaɗai yake sa wa ciwon kai, ba don ƙarfinsa ba, sai don na san ko mene ne. Shi ya sa na ɗauko ma'aunina daga gida, na sauka ba tare da kowa ya kira ni ba.

Mai kula da tukwanen wani gajeren dattijo ne da tawul a wuya, ana ce masa Sarkin Wuta. Tun ina goye yake wannan aiki, kuma hanyarsa ɗaya ce. Zai zuba mai, ya antaya ƙaro dunƙule-dunƙule, ya buɗe gas har ƙarshe, ya yi ta juyawa da wata doguwar muciya. Alamu uku yake jira: muciya ta daina karo da komai a gindin tukunya, mai ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta, ƙanshi kuma ya tsallake ƙofa ya kai titi. Yakan ce in mai facin taya na tsallaken titi bai ɗaga hanci ba, to mai bai nuna ba.

Na yi masa bayani da iya ladabin da nake da shi, wanda Mama ta ce ba shi da yawa. Na ce Baba, ƙaro ba abu ɗaya ba ne, kashi uku ne a dunƙule. Akwai wani mai marar nauyi, shi ne mai ƙanshin, kuma ɗumi kaɗan yake buƙata ya tashi ya bi iska. Akwai kashi mai nauyi da ke narkewa a cikin mai. Wannan yana da juriya, amma in aka haura digiri ɗari biyu aka daɗe a can, shi ma sai ya fara lalacewa. Na ukun danƙo ne dangin sukari, ba ya narkewa a mai ko za a shekara ana juyawa, sai a ruwa. Shi ne muciyarsa ke karo da shi. In ya ji ya ɓace, ba narkewa ya yi ba, ƙonewa ya yi ya farfashe ya bi mai, kuma shi ne ke ba da launin da yake alfahari da shi. Ƙanshin da ke kaiwa titi kuwa, kayan Kawu ne ke ficewa ta ƙofa ba mai tare su.

Ya saurare ni har na gama, muciya ba ta tsaya ba. Sai ya kira matan da ke cika gwangwanaye, ya ce su zo su ji, yau an aiko musu da wadda za ta koya wa wuta ci. Daga ranar sunana ya koma 'Yar Ma'auni.

Na kai maganar wurin Kawu. Ya ce yana da baƙi. Na koma, ya ce zai fita. Na yi ta bin sa har ya gaji ya sauko tare da ni. Na ɗauko farantin ƙarfe, na zuba ƙanƙara a kai, na riƙe shi a saman tukunyar da ke tafarfasa, turiri yana gasa mini tsintsiyar hannu. Da na juyo shi, ga ɗigo-ɗigo sun taru a ƙasansa suna sheƙi. Kawu ya lakata da yatsa, ya sansana, ya shafa a bayan hannunsa.

"Wannan ai turare ne mai kyau," in ji shi.

"Shi ne abin da ka saya a buhu, Kawu. Ga shi a jikin faranti maimakon cikin gwangwani."

Ya ce tun kafin a haife ni mutane ke sayen man nan, ba wanda ya taɓa dawo da shi. Na ce ai ba su taɓa ganin wani ba. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce wannan baki na uwata ne sak, ita ma tun tana ƙarama ba a kayar da ita a magana. Sarkin Wuta yana gefe yana goge wuya, matan cika gwangwani sun bar aiki suna kallo. Ina jin ganin idanun da ke kanmu ne ya sa Kawu ya yanke maganar a wurin.

"Ga ƙaramar tukunya can, ga buhu ɗaya. Ki yi naki yadda aka koya miki. Direba zai kai shi shagunan da yake kai namu. In ya ƙare kafin motar sabon ƙaro ta zo, duk tukwanen gidan nan ma'auninki za su bi. In bai ƙare ba, ki koma bene ki riƙe wayarki, kuma kada in sake jin kalmar digiri a wurin nan."

Na ce na yarda tun bai rufe baki ba.

In za a yi aiki da ƙaramin zafi, dole ƙaro ya zama gari don mai ya ratsa shi. Ƙaro kuwa ba ya niƙuwa sai ya yi sanyi ƙarara. Da ya ji ɗumin inji sai ya saki jiki ya liƙe. Na ɗaure shi a leda na zuba a firizar da ma'aikata ke ajiye ruwan sha. Kafin azahar an tayar mini da ƙura, wai ruwa ya koma turare, wani har ya ce cikinsa na juyawa. Na tarar da ledojina a ƙasa bakin ƙofa, rana na dukansu. Na kwashe su. Daga nan kullum in na tashi sai in ɗebi kaɗan in kai firijinmu na gida, da safe in dawo da shi a cikin kula. Mama ta ce ko ƙwai ta fasa ƙanshin hano take ji, kuma ita ba ta tuna ta haifi mai sayar da turare ba.

Niƙan kansa wani azaba ne. In zuba kaɗan, in kunna, in kashe kafin inji ya ɗau zafi, in jira ya huce. Duk da haka haƙoran injin sukan cushe, sai in zauna a ƙasa in yi ta goge su da mai da tsohon buroshi. Yatsuna suka riƙa manne wa juna. Ɗankwalina ya liƙe da gashina, sai da Mama ta sa almakashi. Duk wanda ya wuce sai ya ce sannu da aiki, 'Yar Ma'auni, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu. Na amsa wa kowa da yawwa, kaina a sama.

Da gari ya samu, na sa ƙaramar tukunya a cikin babban baho na ruwa, na rufe ta ruf, na kunna wuta a ƙarƙashin bahon. Ruwa ba ya wuce digiri ɗari komai wutar da aka ba shi, ni kuma wajen saba'in nake nema. Ba tafasa, ba hayaƙi, ba ƙanshi. In ka shigo sai ka ga mace zaune a kan bokiti tana kallon tukunyar da ba ta komai. Wuni ya wuce haka, na kashe na tafi, na dawo na sake kunnawa. Sarkin Wuta kuwa a gefena ya sauke nasa ya ɗora wani. Ya tambaye ni ko kwancin ƙwai nake yi, in gaya masa ranar ƙyanƙyasa ya zo barka.

Shi dai gatse yake yi, bai taɓa tukunyata ba. Wadda ta taɓa ta ita ce Anti, shugabar matan cika gwangwani, mace mai kirki da ke ajiye mini ruwan sanyi ko ban tambaya ba. Na tafi salla, ina cikin raka'ar ƙarshe ƙanshi ya buge ni, kuma daga kusurwata yake fitowa. Da na sallame na zo da gudu, na tarar an ciro tukunyar daga ruwa an ɗora ta kai tsaye a kan wuta, murfi a gefe, mai yana tafarfasa ya fara ja. Anti tana tsaye da muciya, fuskarta cike da fara'a.

"Na ga kin rame a kan abin nan ne, 'yata. Dubi, yanzu ya fara nuna."

Da a ce da mugunta ta yi, da na san abin da zan faɗa mata. Na kashe wutar, na ce na gode Anti. Na fita bayan gini na tsaya ina kallon bango har numfashina ya daidaita. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na garin da na sha wuyar niƙawa ya tafi. Na je wurin Kawu in nemi ƙari, ya ce buhu ɗaya ya ce, kuma bai ce ban da tsautsayi ba.

Washegari na zo da sarƙa da kwaɗo. Na ɗaure murfin da hannayen tukunyar a jikin bahon, na rataya makullin a wuyana. Anti ta daina ajiye mini ruwa. Matan suka ce tunda aka kafa wurin nan ba a taɓa kulle tukunya ba, sai da 'yar boko ta zo ta mai da su ɓarayi. Ban ba kowa haƙuri ba. Na zauna a kan bokitina na ci gaba da kallon allura.

Da mai ya gama jan abin da zai ja, sai tacewa. Danƙon da ba ya narkewa ya kwanta a ƙasa kamar taɓo. Ƙyallen tata yakan toshe tun ban zuba rabin guga ba, mai kuma in ya huce ba ya wucewa. Na yi ta matsawa da hannu, ina canza ƙyalle, ina sake ɗumamawa, har kafaɗuna suka daina ɗaguwa. Tukar da ta rage na tara ta a bokiti. Sarkin Wuta ya leƙa, ya ɗauki bokitin ya hau bene da shi. Na bi shi. Ya dire a gaban Kawu ya ce ga rabin buhunsa nan, shi a tukunyarsa ko ƙwaya ba ta ragewa.

Na ce ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, kuma ba ƙaron da ake nema ba ne. Na ɗebo kaɗan na jefa a kofin ruwan da ke kan tebur, na kaɗa, ruwan ya koma fari kamar madara. Na ce ga shi, danƙo ne, a ruwa yake narkewa, ba abin da zai yi a cikin mai sai ƙonewa. Kawu ya kalli kofin, ya kalli bokitin. Ya ce ko a ruwa ko a mai, shi dai ya ga kayansa a bokiti, kuma kofin shan ruwansa ne na ɓata.

Na narka kakin zuma a hankali, na haɗa, na zuba a gwangwanaye da kaina, don matan sun ce aikinsu ya yi musu yawa. Da ya daskare na buɗe ɗaya. Launinsa fari-fari ne mai ɗan rawaya, sumul, ba ko ɗigon baƙi. Ƙanshin da ba a ji ba duk tsawon aikin, ga shi nan ya taso gaba ɗaya, mai kaifi, kamar an fasa ɗanyen ƙaro a jikin itace. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina. Na kai wa Mama ɗaya. Ta sansana ta ce kai, ta shafa a gwiwa ta ce yana da laushi. Sai ta ɗaga gwangwanin wajen haske ta jujjuya.

"Amma kin tabbata ya nuna?"

Uwata ke nan, wadda ta ga hannuna kullum.

Direba ya loda katan-katan ya fita. Dogo ne marar yawan magana, kuma daga yadda ya shigo ofis bayan 'yan kwanaki yana sosa ƙeya na gane. Mafi yawansu sun dawo. Masu shaguna sun ce gwangwani namu ne, amma abin ciki ba namu ba ne. Wani ya ce jabu aka fara yi wa Kawu, har ya yi masa waya ya jajanta. Wata ta ce man gashi ne aka yi kuskuren zubawa. Kawu ya dube ni ta saman tabarau. Na ce motar ƙaro ba ta zo ba tukuna, kuma ba a ce Direba kaɗai ne zai yi magana da masu shaguna ba.

Haka na fara bin mota. In shiga kemis, in gaisa, in buɗe gwangwani in kai wa mai shago hanci. Kowa zai ce ƙanshi kam akwai. Daga nan sai a ce amma mutane mai duhun suka sani. A wani shago wani tsoho da sanda ya karɓa ya sansana har ya yi atishawa, ya sa mini albarka, sannan ya ce a ba shi mai duhun, don shi ciwonsa babba ne, mai ƙarfi yake so. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce Baba, wancan ba ƙarfi gare shi ba, ƙonewa ya yi. Duhun da kake gani gawayi ne. Tsoho ya ajiye duka biyun ya fita. Mai shago ya ce in yi wa Allah in bar masa shago.

Kafin mu koma labari ya riga mu. Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci haka ba. Ya rufe ƙofar ofis, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce ya ba ni tukunya ne in yi nawa, bai ba ni lasisin kashe nasa ba. Ya ce mutum nawa ke ci a ƙarƙashin man da nake kira gawayi, har da ni da uwata. In yabi nawa yadda nake so, amma in ya sake jin na ce nasa ƙonanne ne a gaban mai saye, ba sai mota ta zo ba.

To ta yaya zan ce nawa fari ne don bai ƙone ba, ba tare da na ce wancan ya ƙone ba? Gwangwani iri ɗaya, suna ɗaya, shago ɗaya. Na ci gaba da shiga shaguna da rabin magana a baki. In an tambaye ni me ya sa ya yi fari, sai in ce sabuwar hanya ce. In an ce me ya samu tsohuwar, sai in yi murmushi kamar wawuya. Takalmina ya cinye, muryata ta dushe, Direba ya fara tsayawa nesa da ƙofar shago kamar bai san ni ba.

An ɗan saya. Wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan shago ta karɓi katan, ta kuma aiko a ƙaro mata. Na je da murnata in ji abin da ta gani. Ta ce ba ya ɓata zanin gado, wancan kuwa in ya taɓa farin kaya sai dai haƙuri. Karatuna duka, da niƙa, da tacewa, ashe wanki na sauƙaƙa wa mutane. Na ce mata na gode.

Da aka fara cewa motar ƙaro ta kusa, sito yana nan cike da katan-katan ɗina. Ina tsaye a ciki ina kallonsu Sarkin Wuta ya shigo. Na ɗaure fuska ina jiran gatse, sai na ji ya sassauta murya. Ya ce ya sansana man nawa, kuma shi ba ya ƙin gaskiya, ƙanshinsa ya zauna. Launi ne kawai matsalata. In na yarda mu juye su a tukunya, ya zuba mini 'yan ludaya daga nasa, mu sake cikawa. Zai yi duhu daidai yadda ake so, Direba ya kwashe, kafin mota ta zo sun ƙare.

"Ba wanda zai sani, 'Yar Ma'auni. Ke ki ci, ni ma ban faɗi ba."

Na san zai yi aiki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ga tukwanen nan duka da murafe, na ga ma'aunina rataye a bango. Amma na kuma ga abin da zai biyo baya. In da duhunsa na ci, to duhun ya zama dole har abada. Kullum sai an ƙona tukunya guda don a rina sauran, kuma ni da hannuna zan riƙa zuba gawayin ina cewa sabuwar hanya ce.

"Na gode, Baba. Na sha wuya don kada baƙi ya shige shi, ba zan zuba da hannuna ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce taurin kai dai gado ne a gidanmu, ya fita.

Motar ƙaro ta zo da hantsi, ina shirin fita da Direba. Na ji ƙuginta a ƙofa, na ji masu dako suna kiran juna. Aka fara shigo da buhuna, aka rasa inda za a jera su, don kayana sun tare rabin sito. Kawu ya sauko, ya tsaya a tsakiyar ɗakin tukwane, ya sa aka kira ni. Kowa ya bar abin da yake yi.

Bai yi mini dariya ba, wannan na ba shi. Ya ce na yi ƙoƙari, ya ga wahalar da na sha, amma magana magana ce. Tukwane za su ci gaba yadda suke. In kwance sarƙata, in koma bene. Ya ƙara da cewa tunda a gaban jama'a na ce wa dattijo kamar Sarkin Wuta aikinsa ƙonanne ne, ya kamata a gaban jama'a in ce na yi kuskure, a wuce wurin.

Na ciro makullin daga wuyana na buɗe kwaɗon. Na naɗe sarƙar, na goge ma'aunina na sa a jaka. Sannan na juyo.

"Na faɗi, Kawu. Man bai ƙare ba, tukwane naku ne. Baba, in na yi maka rashin kunya ka yafe ni. Amma ban yi kuskure ba. Man nan ƙonewa yake yi."

Anti ta kama haɓa. Kawu ya ce yarjejeniyar har da yin shiru. Na ce na sani, shi ya sa ba zan hau bene ba. Ba zan iya zama a saman tukunyar nan kullum ina shaƙa ina amsa waya ina cewa kaya masu kyau ne ba. In shiru ne sharaɗin kujerar, to a ba wani kujerar.

Ya tambaya ko na san abin da zan gaya wa uwata. Na ce zan samu abin faɗa a hanya. Ya juya ga Direba ya ce a kwashe katan-katan ɗin nan a kai mini gida, ya bar mini su, shi wurin buhuna yake nema. Amma in cire sunansa daga jikin kowane gwangwani kafin in kai wa wani. Na ce da ma niyyata ke nan.

Ni da Direba muka loda. Ba wanda ya taya mu, sai Sarkin Wuta da ya ɗauki katan ɗaya ya ajiye a bakin mota ya koma wurin muciyarsa.

Mama tana shanya muka tsaya a ƙofa. Ta ga mota, ta ga kaya, ta ga jakata a kafaɗa da rana tsaka. Ba ta buƙaci bayani ba. Ta ce wato aikin da ta zubar da girmanta ta roƙa mini shi ne na yar. Na ce ni ban yar ba, na ajiye. Ta ce ta san wan nata, ta kuma san abin da ta haifa, kuma dukanmu biyu Allah ya shirya. Ta yi ta faɗa, Direba yana sauke kaya yana jerawa a tsakar gida, rana na dukansu. Da na ga haka na katse ta, na ce a bari mu shigar da su tukuna, zafi zai narka kakin, ƙanshin ya fara tashi.

Ta dube ni kamar ta rufe ni da duka. "A gidan nan? Ina za mu sa su?"

"Ɗakina. Ya fi ko'ina sanyi, rana ba ta shiga."

"Ke kuma ki kwana a ina?"

Na ce zan jingine gadon in shimfiɗa katifa a ƙasa. Na sunkuya na ɗauki katan na farko. Yana da nauyi, kafaɗuna har yanzu ba su warke ba. Mama ta yi tsaki, ta ajiye rigar da ke hannunta, ta wuce gabana ta ɗaga mini labule.